Biro ko kwalba da sirinji: kafin ka sayi allurar insulin ta farko

Ranar da likita ya ce metformin, ƙwayar maganin suga da yake sha, ya daina riƙe wa Baba suga, sai an haɗa da allurar insulin, gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Daga baya muka gane haka ciwon suga nau'i na biyu yake, shekaru na tafiya insulin ɗin da jiki ke samarwa na raguwa, har a kai gaɓar da sai an agaza masa daga waje. Irin insulin da yawan yunit, likita ne ke yankewa. Amma da ka tsaya gaban kemis da takarda a hannu akwai zaɓin da ya rage naka, kuma a nan muka yi tuntuɓe.

Mun fara da kwalba da sirinji saboda sauƙin kuɗi. Kwalbar Mixtard 30 mai mililita 10, an rubuta U-100 a jikinta, wato yunit 100 a kowace mililita. Wata rana sirinji ya ƙare, aka aiki yaro wani kemis a unguwa, ya dawo da mai jan murfi maimakon mai ruwan lemo da muka saba. Ba wanda ya kula. Ashe na U-40 ne, wato wanda aka yi wa layi don insulin mai yunit 40 a kowace mililita. Baba ya zuƙo har layin 20 kamar kullum, alhali yunit 50 ya shiga jikinsa, ninki biyu da rabi. Kafin azahar na same shi a zaure, rigarsa sharkaf da gumi, carbi na karkarwa a hannunsa, ina cewa "Baba, lafiya?" yana ba ni amsar da ba ta da kai. Na'urar gwajin suga ta nuna 48, suga ya faɗi ƙwarai. Allah ya sa yana iya haɗiya, muka dama sukari cokali uku a ruwa ya sha, muka wuce asibiti.

Tun daga ranar nake tare da biro, wato allura mai siffar biro da insulin ke cikinta, kuma ba na ɓoyewa. Babu zuƙowa, babu lissafin layi. Ka murɗa gindinsa, lamba ta fito ɓaro-ɓaro a 'yar taga, kowane yunit da ƙararsa, ƙas, ƙas, har dattijon da idonsa ya yi rauni zai iya ƙirgawa da kunne. Yawanci biro na ɗauke da yunit 300. Tsinin allurar milimita 4 ya wadatar, Baba ya ce cizon sauro ya fi shi zafi. Da likita ya mayar da shi kan glargine, wanda aka fi sani da Lantus, sau ɗaya yake yi a rana a lokaci guda, yana aiki kusan awa 24, kuma faɗuwar suga cikin dare ta fi sauƙi a kansa. Ka fesar da yunit 2 a iska kafin ka soka, ka danna, ka ƙirga goma sannan ka zare. Sabon tsini kowane lokaci, kuma a riƙa sauya wuri a ciki ko cinya, don fatar da aka dame ta da suka takan yi kulu, maganin ya ƙi shiga daidai. Biro ya fi tsada, gaskiya ne. Wanda kuɗi ya matse ya nemi irin da ake sauya masa 'yar kwalbar ciki.

In kwalba ce ƙarfinka, ba laifi, amma lambar sirinji ta yi daidai da ta kwalba. Ozempic kuwa, wani biron maganin suga, ba insulin ba ne, allurar mako-mako ce, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda za ka saya. Insulin ba ya jure zafi. Wanda ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Ka tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, rana ta haura digiri 40, an ɗauke wuta tun jiya. Mai shagon da ya miƙo maka daga kan kanta, ajiye masa kayansa. Wanda ya ciro daga firji, taɓa ka ji, ka tambaye shi ko yana da sola ko janareta. Maganin da ya sha zafi ba lallai ya sauya kama ba, sai dai ka ga suga ya ƙi sauka, ka ƙara yunit, ranar da ka samu mai kyau ya kayar da kai.

Ga kuma jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Austriya bayan sun yi amfani da biron Ozempic na jabu, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birtaniya, Amurka da Brazil. Idan ya kutsa can, ina ga kasuwanninmu? Kada ka sayi allura a WhatsApp ko Facebook, ko daga wanda ya ce ya shigo da ita a jaka. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka gwada lambar da ke kan kwali da ta jikin biro. Glargine garau yake kamar ruwa, in ka ga gurɓata ka mayar. Mixtard fari ne, amma in ka murza shi a tafin hannu ya bar gudaji, ya tashi aiki. Masu tallan garin magani da lasifika suna cewa a jefar da allura, waɗannan ai da rai suke wasa.

A gida, biron glargine da aka fara yana kai kwana 28 in bai wuce digiri 30 ba. Mu a robar da ba ta shan ruwa muke sa shi, mu binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa.

Na'urar gwaji kuma, zaɓi wadda tsinkenta ke samuwa a garinku, ka san ko mg/dL take nunawa ko mmol/L. Ƙasa da 70 a mg/dL, ko 3.9 a mmol/L, suga ya faɗi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a yi da shi. Kafin azumin Ramadan a koma wa likita ya gyara yunit da lokaci. Baba yanzu ba ya fita masallaci sai da ƙwayar sukari huɗu a aljihun gaba.