Na tofa yawu a kwalba don in san ko na gaji karkarwar Baba

Shekara huɗu ke nan da hannun daman Baba ya fara rawa. Idan yana zaune, babban yatsa da manuniya sai su riƙa murza juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbin. Da ya miƙa hannun zai ɗauki kofi, sai rawar ta lafa. Mutanen gida suka ce tsufa ne, gwaggonmu ta rantse sammu ne. Likitan ƙwaƙwalwa a Kano ya ce cutar Parkinson ce: ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Ni kuwa ina nan Amurka, tambaya ɗaya ta hana ni barci: ko ni ma na gada?

Shi ya sa na sayi gwajin gadon nan da ake yi da yawu. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Aikin babu wuya: ɗan akwati ya zo ta gidan waya, ka tofa yawu a kwalba har ya kai layi, ka rufe, ka mayar musu. Bayan mako huɗu sakamako ya shigo wayata, wai ba a samu komai ba. Na yi hamdala, na kwana da daɗi.

Daɗin na kwana ɗaya ne. Washegari na zauna na karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasa, sai na ga ashe canji biyu kacal suka duba. Ɗaya a ƙwayar gado mai suna LRRK2, wanda ya fi yawa a Yahudawan Ashkenazi, wato masu asali daga Turai, da Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka. Da aka neme shi a marasa lafiya 'yan Najeriya, kusan ba a gan shi ba. Ɗayan a GBA1 yake, shi ma a Ashkenazi ya fi yawa. To ni Bakatsine, me ya haɗa kifi da kaska? Namu kuwa akwai shi. A 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani canji daban a GBA1 ɗin, wanda ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka. Gwajin da na biya ko leƙa wajen bai yi ba.

Ko da ya leƙa ma, gado kai tsaye bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu cutar ba. Sauran haɗin gambiza ne na yawan shekaru, da ɗan abin da aka gada, da abin da jiki ya shaƙa a rayuwa. Nan ne gabana ya faɗi. Baba ya fi shekara ashirin yana goya tankin feshi a gonar masara, babu takunkumi, babu safar hannu, wani lokacin tankin na yoyo a bayansa har rigar ta jiƙe. Cikin magungunan ciyawar akwai farakwat, wanda bincike da dama suka danganta da cutar. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, Faransa kuma a 2012 ta sa Parkinson cikin cututtukan da aikin feshi ke jawo wa manoma. Ban ce shi ne sanadin ciwon Baba ba, amma wannan ba abin da kwalbar yawu za ta nuna ba ne.

Tsakani da Allah kamfanin bai yi ƙarya ba, ya rubuta komai, sai dai a inda ido ba ya saurin kaiwa. Ga Bahaushe dai ban ga amfanin gwajin ba. Da na sani, da kuɗin na tura an saya wa Baba lebodofa, maganin da yake sha na cutar.

Yanzu ƙanena ne ke goya tankin. Na tura masa kuɗin takunkumi da safar hannu da takalmin roba, na kira shi jiya in ji ko ya saya. Ya ce, "Yaya, safar nan fa gumi take sa mutum." Na ce ya je ɗakin Baba ya ga yadda ake ba shi koko da safe, sannan ya sake kirana.