Gajeren sifirin ko koiloba: wanne ya dace da Golf GTI ɗinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Golf GTI Mk7, da ita kake zirga-zirgar yau da kullum, sau ɗaya ko biyu a shekara kuma kakan shiga da ita filin tsere. Kana so ka sauke ta ƙasa ta ƙara kyau, ta kuma ƙara riƙe kwana, amma ka rasa zaɓi tsakanin gajerun sifirin da koiloba, wato shok da sifirin da aka tsara tare waɗanda ake iya saita tsayin mota da su. Ka kuma ce wani ya ba ka shawarar ka sauke ta milimita 50.

Bari in fara da milimita 50 ɗin nan, don a nan gizo ke saƙa. Tun daga kamfani Volkswagen ya riga ya sauke GTI da milimita 15 ƙasa da Golf ta gama-gari, saboda haka ba daga sifili za ka fara ba. Kowane shok yana da iyakar tafiyar da zai iya yi, kuma a jikin sandarsa akwai wata roba mai kama da soso wadda ke tare shi kafin ƙarfe ya daki ƙarfe. Mu ɗauka tazarar da ke tsakanin shok da robar nan milimita 60 ce idan mota na tsaye. Ka cire 25, saura 35, akwai sauran wurin numfashi. Ka cire 50, saura 10, wato kusan a kan roba kake tafiya. Mota a wannan hali tana ba direba jin kamar ta yi tauri irin na tsere, alhali taya ce ta daina bin ƙasa. Da zarar ka taka ɗan tudu a tsakiyar kwana sai ta yi tsalle ta zame. Don haka duk kwatancen da zan yi maka a kan wannan tazarar zai tsaya: wanne ne zai bar maka ita, wanne ne zai cinye ta.

Gajeren sifirin, irin su Eibach Pro-Kit ko H&R Sport, abu ne mai sauƙi. A cire na asali, a sa wannan, mota ta sauka gwargwadon abin da kamfanin ya tsara, yawanci tsakanin milimita 20 zuwa 35. Ka dai duba da kyau ko adadin da aka rubuta an auna shi ne daga tsayin GTI ko daga na Golf ta gama-gari, don mutane da yawa sun yi tsammanin 35 suka samu 20. Babban alfanunsa shi ne an riga an yi maka lissafi, babu abin da za ka murɗa ka ɓata. Idan motarka na da DCC, wato shok ɗin da ake sauya taurinsa daga cikin mota, sifirin zai bar maka shi yana aiki, alhali koiloba marar lantarki sai an haɗa mata wata 'yar na'ura, in ba haka ba fitilar gargaɗi ta kunnu a dashbod.

Rauninsa kuwa yana wurin shok. An gina shok na asali ne don ya danne sifirin na asali. Idan ka ɗora masa wanda ya fi tauri, bayan ya matsu zai dawo da ƙarfin da shok ɗin ba zai iya riƙewa da kyau ba, musamman in ya riga ya sha tafiya. Shi ne za ka ga mota ta wuce tudu amma tana ci gaba da rausaya sau biyu ko uku. Maganinsa a haɗa sifirin da shok ɗin da aka yi dominsa. Bilstein B8 misali ne, an taƙaita tafiyar sandarsa don gajeren sifirin ya zauna daram ko da taya ta saki ƙasa gaba ɗaya. Koni Sport ma ana haɗa shi da irin waɗannan sifirin, kuma ana iya ƙara masa ƙarfin riƙe dawowa.

Koiloba ita ce shok da sifirin da aka tsara tare, jikinta na da zare kamar na noti, da zobba da ake murɗawa da sifana ta musamman don a ɗaga ko a sauke mota. A nan mutane ke ruɗewa, domin iri biyu ce. Akwai wadda mazaunin sifirin kaɗai ake murɗawa: duk milimitar da ka sauke, daga tafiyar shok ka cire ta, kamar dai gajeren sifirin. Shi ya sa kamfanoni irin su KW ke rubuta iyakar sama da ta ƙasa da aka yarda a saita, kuma wannan iyaka ba ado ba ce. Akwai kuma wadda jikin shok ɗin gaba ɗaya ke shigewa cikin ƙafarsa ta ƙasa, sai tsayi ya ragu ba tare da an taɓa tafiyar sanda ba. Wannan ta biyun ita ke yaudarar mutane su yi ta saukewa, har ranar da taya za ta riga shok kaiwa ƙarshe, ta fara cin robar cikin madigadi. Na taɓa yin wannan gangancin a wata mota tawa. Sai da na cire taya na haska tocila, na ga robar ta yi sulɓi tana ƙyalli, har ta huje daidai inda kafaɗar taya ke gogarta, ga baƙin gari ya taru a ƙasa.

Sifirin ɗin koiloba ya fi tauri, kuma dalilin lissafi ne kawai. Idan kusurwa ɗaya na ɗauke da kilo 400, sifirin mai kilo 4 a kowace milimita zai matsu milimita 100, mai kilo 8 kuwa 50 kawai. Ƙarancin tazara ke tilasta tauri, kuma bayanka ne zai biya a kan titi mai gargada. Sannan kada wani ya ce maka matse zoben yana ƙara wa sifirin tauri. In dai sifirin mai tauri bai ɗaya ne, matse shi tsayin mota yake sauyawa da rabon tafiyar shok sama da ƙasa, taurinsa na nan yadda yake. Wani abu kuma game da bayan Golf: sifirin ba ya kan shok, yana zaune ne daban a kan hannun ƙasa, can ciki da taya. Saboda haka in ka murɗa mazauninsa milimita 10, abin da za ka gani a wurin taya ya fi 10. A hankali ake bi.

Maganar maɓallan saita taurin shok da ke jikin wasu koiloba ba zan daɗe a kanta ba. KW V1 tsayi kaɗai ake saitawa, V2 ta ƙara da saitin dawowa, V3 kuma matsuwa da dawowa kowanne daban. Yawan ƙas-ƙas ɗin maɓalli ba shi ne ingancin shok ba. Koiloba ta araha mai saiti 30 tana iya kasa shok mai kyau wanda ba shi da saiti ko ɗaya.

Akwai abin da babu wanda ya tsira daga gare shi a cikin biyun, wato yanayin hannayen gaba. Gaban GTI tsarin MacPherson ne, wato shok ke riƙe taya daga sama, hannu ɗaya kuma daga ƙasa. A tsayin asali, hannun ƙasa yana kwance kusan miƙe, ko ɓangaren taya ya ɗan fi ƙasa. Idan ka sauke mota da yawa sai ya juye, ɓangaren taya ya koma sama. A lokacin, cibiyar da jikin mota ke jingina a kanta tana faɗuwa fiye da yadda cibiyar nauyi ta faɗi, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, sai ka ga motar da aka sauke don ta daina kwanciya a kwana tana neman ƙara kwanciya, taurin sifirin ne kawai ke rufa mata asiri. Tayarod ma, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, kusurwarsa na sauyawa, sai taya ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta hau tudu, ka ji sitiyari na fizgar hannunka. Ana sayar da dogon boljoyin da kan tayarod na gyaran wannan, amma wanda ya tsaya a milimita 20 zuwa 30 da wuya ya buƙace su. Ka durƙusa a gaban motar ka leƙa hannun nan, zai faɗa maka gaskiya.

Inda koiloba ta yi wa sifirin fintinkau shi ne rabon nauyi. Ana ɗora mota a kan sikeli huɗu, a sa nauyin direba a kujerarsa, a kwance sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama, sannan a riƙa murɗa zobba har nauyin gaban hagu da bayan dama ya zama kashi 50 cikin 100 na jimla. Motar da aka yi wa haka halinta ɗaya ne a kwanar hagu da ta dama. Wasu koiloba kuma suna zuwa da faranti a sama wanda ake karkatar da kan taya ciki da shi, abin da gaban GTI ba shi da shi daga kamfani, kuma a filin tsere shi ke hana gefen waje na tayar gaba ƙonewa. Sai dai tana son kulawa. Zaren nan in ba a wanke shi ana shafa masa mai ba, tsatsa da ƙasa za su like zoben har sifana ta gaza.

In ni ne kai, da irin amfanin da ka faɗa, gajeren sifirin da shok ɗin da ya dace da shi zan sa, in tsaya wajen milimita 25. In kuwa zuwanka filin tsere zai ƙaru, kuma ka shirya kai ta kan sikeli, to ka nemi koiloba mai kyau, ka saita ta kusa da saman iyakarta, ba ƙasa ba.

Ko wanne ka ɗauka, ka auna tsayi daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kan daɓe shimfiɗaɗɗe marar gangara, kafin aiki da bayansa, don iskar taya ba ta shafar wannan awon. Ka tabbatar an ɗaure notocin bushin roba lokacin da nauyin mota ke kan tayoyinta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi sifirin ya zauna, sannan a yi alaimen, domin karkacewar bakin taya ciki ko waje ta fi karkatar kanta saurin cinye taya. Bayan haka ka ɗaga robar da ke rufe sandar shok na gaba, ka ɗaura siririn maɗaurin waya na roba a jikin sandar, ka tura shi ƙasa ya taɓa jikin shok, ka bi hanyar da ka saba bi. Da ka dawo ka duba inda ya tsaya. In ka same shi a cuse cikin robar tarewa bayan tafiya ta yau da kullum, motar ta sauka fiye da kima, sai a ɗaga ta.