Giris ko baƙin mai: wanne ya dace da wayar mita mai yawan tsinkewa?

Ɗan'uwa, ka ce sau uku ke nan kana sauya wayar mitar babur ɗinka, kowacce ba ta daɗewa take tsinkewa, shi ne kake tambaya ko giris ya kamata a shafa mata ko baƙin mai.

Abin da ake shafa wa man shi ne wayar ciki, wadda aka yi da siraran ƙarafa murɗaɗɗu, tana juyawa a cikin kube. Giyar da ke cibiyar tayar gaba ce ke juya ta, ita kuma ta juya maganaɗisun da ke ɗaga allurar mita.

Baƙin mai yana da sauƙin shiga, ko ba ka zare wayar ba zai ratsa kube, sai dai ruwa-ruwa ne, don haka yakan gangara ya taru a ƙasa, ya bar tsakiyar wayar a bushe daidai inda take gogar lanƙwasa. Giris kuwa inda aka shafa shi nan yake zama, yana kuma tare ruwa da tsatsa, amma idan ya yi kauri ko aka labta shi da yawa sai ya riƙe wayar, idan kuma ƙura ta shiga ta gauraya da shi, ya koma cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Ni dai giris mara kauri na fi yarda da shi, bisa sharaɗin a zare wayar, a wanke ta da kananzir, ta bushe, sannan a shafa kaɗan da yatsa. Ko wanne ka zaɓa, ka bar kimanin santimita 15 na sama babu mai, domin murɗin wayar yana iya tura shi cikin mita, allura ta yi nauyi ko ta riƙa tsalle.

Sai dai wayar da ta tsinke sau uku a jere, da wuya a ce rashin mai ne kaɗai. Ka duba inda tsohuwar ta rabu. Idan can sama ne kusa da mita, ka zargi kan mitar da cijewa: sa guntun wayar a raminsa ka murza da yatsu biyu, ya kamata ya juya babu turjiya. Idan a tsakiya ne, hanyar da aka bi da kuben ce ta yi lanƙwasa mai tsanani, don haka ka karkata kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka danna shokozoba na gaba, ka ga ko kuben yana ɗamewa ko yana maƙalewa. Idan kuwa a ƙasa ne, ka kwance giyar, domin haƙoranta kan ci, wani lokaci ma kunnuwanta ba su zauna a gurbinsu ba lokacin da aka mayar da taya.

Kada ka zura sabuwar waya a tsohon kuben da ya lotsa, domin shi zai sake cinye ta. Kafin ka ɗaure noti, ka juya tayar gaba da hannu, ka ga kan wayar mai kusurwa huɗu yana juyawa a sama, sannan ka zaunar da shi a ramin mita ba tare da tilas ba.