Gittawa ko Rawar Tauraro: Wace Ta Fi Kamo Ƙananan Duniyoyi?

Ƙananan duniyoyin dutse da ke zagaya wasu taurari ba Rana ba, ba sa ganuwa kai tsaye, domin hasken taurarinsu na haɗiye su. Sai dai a bi sawu, kuma hanyoyi biyu ne suka fi amfani.

Ta farko ita ce a jira duniyar ta gitta gaban tauraronta, haskensa ya ɗan dusashe. Dusashewar ba ta taka kara ta karya ba: duniya kamar tamu, in ta gitta gaban Rana, abin da take tarewa bai kai kashi 1 cikin 10,000 na hasken ba. Amma da wannan dabarar ce na'urar hangen sararin samaniya ta Kepler, wadda aka harba a 2009, ta kamo duniyar Kepler-37b, wadda kaɗan ta ɗara Wata girma. Haka kuma aka ƙirga duniyoyi bakwai na tauraron TRAPPIST-1 a 2017. Cikas ɗin dabarar shi ne sai hanyar zagayen duniyar ta yi daidai da idonmu. In ta karkace, ko shekara dubu aka yi ana kallo ba za a ga komai ba.

Ta biyu rawar tauraro ce. Duniyar na jan sa gaba da baya, launin haskensa yana ɗan sauyawa. Tamu na motsa Rana da gudun kusan santimita 9 a daƙiƙa, tafiyar kunkuru ke nan, har tabon jikin tauraro kan rufe alamar. Duk da haka ita ta tono Proxima b, duniyar da ke zagaya tauraro mafi kusa da Rana, a 2016.

Wajen farauta, ni na fi karkata ga ta farko. Sai dai girma take faɗa, nauyi kuwa galibi sai ta biyu. Da aka haɗa su a kan Kepler-78b a 2013 ne aka gane dutse ce.