Waƙa mai ma'auni ko sakakkiya?

Ni dai in aka ajiye min biyun, mai ma'auni zan ɗauka. Lissafi ne zalla wallahi, gaɓa mai nauyi da marar nauyi kake jerawa kamar mai bin kiɗa, ɗango ɗaya ya karye kunnenka zai gaya maka tun kafin ka gano inda aka yi tuntuɓe. Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara bahar 15, wato ma'aunan waƙar Larabci, cikin da'ira 5 tun ƙarni na 8, daga baya wani malamin nahawu, Akhfash, ya ƙara na 16.

Ita kuwa sakakkiyar ba ƙirge, ba dole sai amsa-amo, ta fi kama da zane, inda ka yanke layi nan aikin yake. A ido tana da kyau kam, amma fa gwada haddace ta ko rera ta ka sha wuya.