Kamun kifin kirafi a Amurka: kayan aiki da dokokinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masunta na gida. Kun tambayi yadda ake su a nan Texas, to ga bayani a kan kirafi (crappie da Turanci), kifin da ya fi tara jama'a a bakin tafki idan sanyi ya fara janyewa. Faɗin jikinsa kamar na karfasa ne, namansa fari mai laushi. Mafi girma da aka taɓa kamawa a cikin farin nau'insa, a madatsar Enid ta jihar Mississippi a 1957, fam 5 da oza 3 ne kacal. Kun ga ba giwan ruwa ba ne.

Bazarar nan ba ta zafi ba ce irin tamu, lokaci ne da ruwa ke fara ɗumi. Idan ɗuminsa ya kai digiri 13 a ma'aunin Celsius, kifin ya fara barin zurfi. Tsakanin digiri 15 da 18 sai mazan su share gurbin ƙwai a ruwan da bai wuce ƙafa 2 zuwa 6 ba, kusa da itacen da ya faɗa ruwa ko ginshiƙan matsayar jirage. A Texas wajen Maris ke nan, a Minnesota kuwa sai Mayu. Shi ya sa ma'aunin zafin ruwa ya fi kalanda amfani. Iskar sanyi ta kaɗa kwana biyu, sai su koma ƙafa 8 zuwa 12, wanda bai sani ba ya yini a bakin gaɓa hannu rabbana.

A gida masunci shi ke saƙa komarsa, ya haƙo tanarsa. A nan komai saye ake yi, a manyan kantuna irin su Walmart ko Bass Pro Shops, har ƙananan kifayen koto masu rai ana sayar da su dozin-dozin, kuma dole a haɗa da bokiti mai injin hura iska, in ba haka ba kafin azahar sun mutu. Sai dai kayan ƙanana ne ƙwarai. Sanda marar nauyi mai ƙafa 10 zuwa 12, zaren roba siriri mai ɗaukar fam 4 zuwa 6, da ƙugiya mai lamba 2 ko 4 ta siririyar waya. Siranta tata da gangan ne: idan ta maƙale a reshe ka ja a hankali, sai ta miƙe ta fito, ka lanƙwasa ta da filaya ka ci gaba. Akwai kuma wadda suke kira jig, ƙugiya mai kan dalma da jelar roba, nauyinta gram 1 zuwa 2. Ruwa mai laka, a sa ruwan ɗorawa mai haske. Ruwa garau, a sa fara.

Kuskure biyu ke hana mutane kamu. Kirafi sama yake kallo yana ci, don haka koton da ya wuce shi ƙasa ba zai bi ba. A gyara abin nan na jikin zare mai yawo a saman ruwa yadda koto zai tsaya kamar ƙafa ɗaya sama da inda suke. Na biyu, fatar bakinsa kamar takarda take. Wanda ya saba fizgar tarwaɗa zai yaga bakin ya rasa kifin. Ɗaga sanda kawai ake yi, a tare babba da 'yar koma kafin a cire shi daga ruwa.

Inda muka fi bambanta shi ne doka. Ba Sarkin Ruwa ake zuwa ba, lasisi ake yanka a kanti ko ta intanet, ko da yake a wuraren shaƙatawa na jihar Texas ana yin fatsa ba lasisi. A yawancin ruwayen Texas, mutum ɗaya kifi 25 a rana, kuma duk wanda bai kai inci 10 ba a mayar da shi ruwa. Taru da birgi haramun ne a kansa, sayar da shi ma haka, ci kawai. Amma hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ma tana nata: tana nutsar da tarin rassa a tafkuna don kifi ya taru, ta kuma wallafa inda suke a taswira, kowa ya duba a wayarsa ya nufi wurin kai tsaye.