Kafin a ɗaura wa mota sufacaja a Amurka, sai an kawo lambobi

'Yan'uwa masu son mota, da yawanku kuna tambaya ko gaskiya ne a nan Amurka mutum na ɗaura wa motarsa sufacaja, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da hannunsa a garejin gidansa. Gaskiya ne. Kayan ma a kwali suke zuwa har ƙofar gida, kowane noti a ledarsa da lamba a jiki, ga littafin bayani mai hotuna. Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki a harkar shi ne mai saitin kwamfutar mota. Ka je masa da kuɗinka a hannu, mota ta sha sabbin kaya, ya tambaye ka takardar gwajin matsin silinda, ka ce ba ka yi ba, ya ce to ka koma da ita. Ba roƙo, ba "haba maigida", ba a duba cewa daga nesa ka zo. Ranar ka ji kunya a gaban yaran shago, amma mutumin injinka ya ceta.

Dalilinsa a fili yake. Sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga kiranshaf, tana cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. Iskar da muke shaƙa matsinta 14.7 psi ne (psi ma'aunin matsi ne) a bakin teku, saboda haka ƙarin 7 psi kusan rabin iska ke nan aka ƙara, kuma dole fetur ya ƙaru daidai da ita. Duk wani rauni da inji ke ɓoyewa, ringi da ya ci ko bawul da ba ya rufewa sosai, wannan matsin zai tona shi. Shi ya sa ake fara gwaji biyu kafin a kwance ko noti ɗaya. Na farko a cire fulogogi a auna matsin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Na biyu a hura iska cikin silinda fistin na sama, a ga nawa ke zurarewa, kuma ta ina: idan ta salansa take fita bawul ne, idan ta murfin baƙin mai ne ringi ne, idan lagireto na kumfa gaskit ya tafi. Mu kuwa a gida sai oga ya kanga kunne a bonet, ya taka totur sau biyu, ya ce "injin nan garau yake, Alhaji". Kunnen ogan yana da gwaninta, ban raina shi ba, amma ba ya jin zurarewar kashi 15.

Ma'aunan nan ba sai ka saya ba. Manyan shagunan kayan mota irin su AutoZone da O'Reilly suna ba da aron kayan aiki: ka ajiye kuɗin jingina, ka yi aikinka, ka mayar, a mayar maka da kuɗinka cif. Tsohon baƙin mai ma can ake kaiwa su karɓa, ba a zubar da shi a kwata.

Ɗaya daga cikin motocin da aka fi yi wa wannan aiki a nan ita ce Ford Mustang GT mai injin Coyote, V8 lita 5.0, wanda ya fito tun 2011. Sufacaja iri uku ce. Akwai Roots, irin ta Roush da Edelbrock, da mai murɗaɗɗun ƙarafa biyu irin ta Whipple. Waɗannan biyun a saman inji suke zama a gurbin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, kuma ƙarfinsu na zuwa tun daga ƙasa, da ka taɓa totur. Ta uku irin ta ProCharger da Vortech, kamar turbo take amma bel ke jan ta, a gefen inji ake ɗaura ta, ƙarfinta sai inji ya yi sama yake cika. A ganina mai yawo cikin gari ya ɗauki ta saman inji. Ta gefen ta fi sauƙi ga giya da tayoyi, amma wasu daga cikinta da man inji suke aiki, sai an huda kwanon baƙin mai an yi wa man hanyar komawa, kuma ɓarɓashin ƙarfe ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya ci metal, wato ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kai.

Ɗaurawar kanta aikin ƙarshen mako ne ga wanda hannunsa ya saba. A cire kan batir, a sauke matsin fetur, a zuƙe ruwan lagireto, a cire manifol, nan take a toshe ramukan shan iska da tef. Wanda ya yi sakaci wosha ta faɗa rami, sai sauke kan inji. A goge fuskar ramukan, a sa sababbin robobi, mutum biyu su ɗora sufacajar don tana da nauyi. A nan ne sifana mai awo ke shigowa. Ƙaramin noti M6 da ke shiga cikin almini yawanci ƙarfin ɗaurinsa 10 Nm ne kacal a awon sifanar, kuma daga tsakiya ake fara ɗaurewa ana fita waje, gicciye, a zagaye biyu. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" da muka saba, har a sa wa sifana bututu a hau da ƙafa, shi ke cinye zaren almini ko ya lanƙwasa gindin sufacaja, iska ta riƙa shiga ta inda kwamfuta ba ta auna ba, inji ya yi ta rawa a tsaye.

Bel ma yana da nasa sharaɗin. Fuli-fulin duk sai sun zama a layi ɗaya, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a duba. Kaucewar milimita 1 ko 2 ta isa ta riƙa jefar da bel ko ta yage gefensa. In ka ga baƙar ƙura a gaban sufacaja, kuma matsin iska na faɗuwa idan inji ya yi sama, bel ne ke zamewa. Maganinsa a koma bel mai layi 8 ko 10 maimakon 6. Ƙaramin fuli a kan sufacaja yana ƙara matsi, kuma nan ne zumuɗi ke halaka injuna, don canja shi aikin minti kaɗan ne, amma da an canja saitin kwamfuta ya tashi aiki.

Iskar da aka matse zafi take yi, shi ya sa ta saman inji ke zuwa da nata ƙaramin lagireto a gaban mota, da famfon lantarki, da tankin ruwa daban. Iska takan maƙale a tiyo, famfo ya yi ta juyawa a banza. A kunna makulli, a buɗe murfin tankin, a ga ruwa na gudu da ido. In ba ya gudu, zafin iska zai hau, kwamfuta ta janye wuta, wato ta jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarfin mota ya ragu, mai ita ya ce an sayar masa da jabu. Kuma don Allah a bar tamostat a wurinsa. Ɗabi'ar nan ta cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, injin da ke shan matsi ba zai jure ta ba.

Sai fetur, wanda shi ne ainihin abin da mai saiti ke tsoro. Ana sa manyan nozul da famfon mai da ya fi ƙarfi, a sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin fitar da zafi, a rage bakinsa zuwa wajen milimita 0.7 ko 0.8 don kada matsi ya hure tartsatsin. A tafiyar yau da kullum inji na ƙona iska 14.7 ga fetur 1, amma a ƙarƙashin matsi ana so ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, don ƙarin man na sanyaya silinda. In man ya gaza, ko ingancinsa ya yi ƙasa, sai ya fashe da kansa maimakon ya ci a hankali, ya fasa gefen fistin inda ringi ke zama. Coyote ɗin 2011 zuwa 2017 matsin da fistin ke yi wa iska a silindarsa 11:1 ne, na 2018 kuma 12:1, ka ga tun daga kamfani ba shi da sarari da yawa. A nan kowane famfon gidan mai da lambar okten a jikinsa, wadda ke nuna juriyar mai ga wannan fashewar, 87, 89, 91 ko 93, kuma kan ɗaya daga ciki ake yin saitin. Lissafinsu daban ne da na Turai: 91 na nan wajen 95 ne a can, 93 kuma wajen 98. A daino, wato na'urar da ake ɗaure mota tana gudu a tsaye, mai saiti na kallon ma'aunin iska da mai da na ƙwanƙwasar inji a allo, yana ƙara wuta digiri ɗaya-ɗaya.

Saboda haka masu cewa a turo musu kwali ɗaya su ɗaura a can ƙasarmu, ku yi haƙuri da ni. Man da ba a rubuta lambarsa ba, yau ka sha mai kyau gobe ka sha gauraye, ga zafin rana, saitin 93 ba zai kai ku ko'ina ba. Wanda ya nace, ya tsaya a 5 ko 6 psi, a janye masa wuta sosai, ya sa ma'aunin iska da mai a gabansa.

Abin haushi a nan ma bai ƙare ba. A Kalifoniya sai kayan na da lambar amincewa ta CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, da takardarta manne a ƙarƙashin bonet, in babu motar ba ta wuce gwajin hayaƙi. Cire katalis ɗin salansa, wanda makanikanmu ke kira indomi suna fasawa a sayar, laifi ne a dokar tarayya. Dila na iya ƙin gyara inji a garanti in ya nuna sufacajar ce sanadi. Kuma idan wani ɗan ƙarfen riƙo bai zauna daidai ba, nan kewar gida ke kama mutum. Da a wajenmu ne, mai walda da mai dirin ƙarfe sun ƙera wani kafin la'asar, ana hira ana dariya, yara na miƙo sifana. A nan sai ka aika saƙo ka jira mako, ko ka je shagon da ke lissafin kuɗi da awa tun daga buɗe bonet, mota na kan jak a gareji mai sanyi, maƙwabci kuma na iya kai ƙararka in ka tayar da ita da dare.